Inda ji ya kori gani: mai tsara sauti da makaɗi a dandalin teyatur

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A kasuwa da gaban alƙali maganar tana nan daram, amma a dandalin teyatur ta daɗe tana tauye haƙƙin wani ma'aikaci guda, watau wanda aka damƙa wa kunnuwan jama'a. Sunan da ake kiran mahalarta wasa da shi ma ya isa shaida: ƴan kallo ake ce musu, alhali rabin abin da ke sosa musu zuciya ta kunne yake shiga. In wasa ya ƙare aka ɗauki tafi, ƴan wasa ake yi wa, sa'an nan a tuna da marubuci da jagoran wasa. Shi kuwa wanda ya zaɓi carar zakaran da aka jiyo daga nesa, ya auna tsawon shirun da ya biyo bayan mutuwar sarki, ya san inda ganga za ta shigo da inda za ta kame bakinta, a wannan lokaci yana can ƙurya yana naɗe wayoyi, yana lissafin ko kuɗin jingar da ya yi za su kai shi ƙarshen wata.

A ƙasashen da teyatur ya zama babbar masana'anta, mai tsara sauti ake kiran wannan mutum. Sau da yawa shi ne kuma makaɗin wasan, ko mai ƙago kiɗan da za a ji a ciki. Sana'ar ba ta tsufa ba. An daɗe ana kwaikwayon tsawa da ruwan sama a bayan labule, da fallen ƙarfe ko da tsakuwa cikin akwati, amma sai wajen shekarun 1960 aka soma rubuta sunan wani a takardar wasa a matsayin wanda ya tsara sautin, kamar yadda ake rubuta na mai tsara tufafi ko na mai tsara haske. Tun daga lokacin har yau, akasarinsu ba su da albashin wata a kowane gidan wasa. Ƴan jinga ne: a kira su domin wasa guda, a yi ciniki, a gama, kowa ya kama gabansa.

Shekarar 2015 ta zo da wasanni biyu da suka cancanci a aza su kusa da juna in ana son gane wannan sana'a. Wata guda ne tsakaninsu. Na farko, «The Encounter», watau haɗuwa, an soma nuna shi cikin watan Agusta a bikin wasanni na birnin Edinbara. Na biyu, «Battlefield», watau fagen fama, ya fito cikin Satumba a gidan teyatur na Bouffes du Nord da ke Faris. Ɗaya ya tara na'urori har ba a iya ƙirga wayoyinsu, ɗayan kuwa ganga guda ce tal a hannun wani dattijo. Duk da haka, a cikin kowannensu, da za a cire mai sautin da wasan ya rushe baki ɗaya.

«The Encounter» aikin Simon McBurney ne, jagoran ƙungiyar Complicité ta Ingila. Ya ɗauko labarin daga wani littafi na Petru Popescu wanda ya fito a 1991, mai ba da labarin Loren McIntyre, wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto da ya ɓace a 1969 cikin dajin Amazon, a kwarin kogin Javari, ya zauna tare da mutanen Mayoruna ba tare da yana jin harshensu ba. McBurney shi kaɗai ne a kan dandali kusan awa biyu. Babu daji, babu kogi, babu bukka. Abin da ido ke gani shi ne tebur, da gorunan ruwa na roba, da akwati cike da tsohon zaren kaset, da wani kai na roba mai siffar kan mutum a bisa sanda. Kowane ɗan kallo yana samun na'urar saurare a kujerarsa, ya ɗaura a kunnuwa biyu.

Wannan kai shi ne asirin wasan. A cikin kowane kunnensa akwai mikoro. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana gane inda sauti ya fito ne ta hanyar ɗan bambancin da ke tsakanin lokacin da ya iso kunnen dama da lokacin da ya iso na hagu, bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, da kuma bambancin ƙarfinsa a kunnuwan biyu. Saboda haka duk abin da aka yi kusa da kan robar, mai saurare yana jin kamar kusa da kansa aka yi shi. In McBurney ya zagaya bayan kan yana magana, sai mutum ya ji kamar ya waiwaya. In ya hura iska a kunnen robar, da yawa sukan ji kunnensu ya yi ɗumi. In ya tattake zaren kaset, sai ga tafiya bisa busasshen ganye. In ya girgiza gorar ruwa, ya ɗauki sautin, ya bar shi yana maimaita kansa, sai ga kogi. Gareth Fry da Pete Malkin ne suka tsara wannan duniya, kuma Fry sai da ya ɗauki kan robar ya tafi da shi har Amazon domin ya naɗo ainihin muryar dajin. A kowane dare akwai mutum biyu zaune gaban na'urori suna bin ɗan wasan numfashi bayan numfashi, domin ba kullum yake maimaita abu yadda ya yi shi jiya ba.

Abin yabo mafi girma a wasan shi ne bai ɓoye dabararsa ba. Tun a mintunan farko McBurney yana bayyana wa jama'a yadda na'urorin ke aiki, ya nuna musu mikoron da ke kaurara masa murya ta koma ta McIntyre, ya nuna musu zaren kaset ɗin. Mutum ya san ƙarya ce, idonsa yana ganin gorar roba, amma kunnensa ya riga ya yarda cewa kogi ne, kuma kunnen ne ke rinjaye. A nan dai ji ya kori gani ƙiri-ƙiri. Malamin makaranta da ya taɓa yi wa yara tatsuniya da dare ya san wannan iko, ko da bai taɓa ganin irin waɗannan na'urori ba.

Sai dai akwai abin da wasan ya sayar domin ya sayi wannan iko. Ɗaruruwan mutane ne zaune a zaure guda, amma kowane yana kulle cikin kansa. Ba ya jin dariyar maƙwabcinsa sosai, ba ya jin ajiyar zuciyar wadda ke bayansa. Teyatur kuwa taro ne, kuma wani ɓangare na daɗinsa shi ne jin yadda abu guda ke ratsa mutane da yawa a lokaci guda. Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan nauyi. Mutanen Mayoruna, waɗanda a ƙasarsu labarin ya gudana, ana jin su ne galibi a matsayin amo cikin kan baƙo. Shugabansu yana magana da McIntyre ba da baki ba, daga zuciya zuwa zuciya kamar yadda littafin ya ruwaito, kuma ta bakin Baturen da ke kan dandali maganar ke fitowa. Gwanintar masu sauti ta sa dajin ya matso har ya taɓa fata, amma mutanen dajin sun tsaya can nesa. Wannan ba laifin Fry da Malkin ba ne. Yana dai nuna cewa zaɓen muryar da za a kusanto da wadda za a nisanta hukunci ne irin na marubuci, kuma wanda ke yanke irin wannan hukunci ya wuce a kira shi mai gyaran waya.

A daidai wannan gaɓa ce masu raba lambobin yabo suka yi tuntuɓe. A Amurka, lambar Tony ita ce mafi daraja ga wasannin Broadway na birnin Niyok. An kafa ta a 1947, amma sai a 2008 aka keɓe wa tsara sauti gurbi. Cikin watan Yuni na 2014 kwamitin da ke kula da lambar ya soke gurbin. Dalilan da jaridu suka ruwaito a lokacin su ne cewa da yawa daga cikin masu jefa ƙuri'a ba su san yadda za su auna aikin ba, wasu kuma suna ɗaukarsa aikin injiniya. Masu sana'ar suka fusata. John Gromada, wanda shi ma mai tsara sauti ne kuma mai ƙago kiɗa, ya buɗe takardar koke, dubban mutane suka sa hannu, daga baya kuma suka kafa ƙungiyar kansu. A 2017 aka ba da sanarwar maido da gurbin, da sharaɗin cewa waɗanda suka san aikin ne za su yi zaɓen. A wannan shekara kuma aka ba Fry da Malkin lamba ta musamman saboda «The Encounter», sannan a 2018 Fry ya ci lambar da aka maido saboda wasan Harry Potter.

Labarin ya ƙare da daɗi, amma mai lura zai ga wani abin dariya a ciki. Sai da aka dasa kan roba a tsakiyar dandali, aka rataya wa kowane alƙali na'ura a kunne, sa'an nan suka yarda cewa akwai aiki a wurin. Watau sai da sauti ya zama abin gani. Wanda ya yi aikinsa cikin ladabi, ya sa ƙarar mota can nesa ta yadda ba wanda ya lura amma kowa ya san gari ya waye, shi har yanzu ƙwarewarsa ce ke ɓoye shi. In ya yi kuskure, lasifika ta yi kuwwa, kowa zai juya ya nemi fuskarsa. In komai ya tafi daidai, ba mai tambayar sunansa.

«Battlefield» ya bi wata hanya dabam. Peter Brook yana da shekara 90 lokacin da ya shirya shi tare da Marie-Hélène Estienne. Shekara 30 kafin nan, a 1985, ya nuna «Mahabharata», babban labarin yaƙi na Indiya, cikin wani ramin fasa dutse kusa da Avignon, wasan da ke cin awa 9. A 2015 ya koma kan ƙarshen labarin kawai, cikin abin da bai wuce awa ɗaya da ƴan mintuna ba: yaƙi ya ƙare, gawawwaki sun cika fili, Yudishtira wanda ya ci nasara ya rasa yadda zai hau gadon sarautar da aka saya da jinin dangi, tsohon sarki makaho kuma ya rasa ƴaƴansa duka. Ƴan wasa huɗu ne, a cikinsu har da Carole Karemera da Ery Nzaramba, masu asali da Ruwanda, abin da ya ƙara wa maganar gawawwakin nauyi. Kayan dandali ƴan sanduna ne da mayafai masu launi. A gefe, inda kowa ke ganinsa, Toshi Tsuchitori yana zaune da jembe tsakanin gwiwoyinsa.

An haifi Tsuchitori a Japan a 1950. Ya soma da kiɗan jaz na ƴanci, wanda ba a rubuta shi kafin a buga, ya yi wasa da makaɗa irin su Milford Graves da Derek Bailey, ya kuma shafe shekaru yana binciken tsofaffin kayan kiɗan ƙasarsa, har da ƙararrawar tagulla da duwatsu masu amo. Daga 1976 ya yi aiki da Brook: «Mahabharata», da «Hamlet», da «Tierno Bokar» na 2004 wanda aka ɗauko daga littafin Amadou Hampâté Bâ kan malaminsa na Bandiagara. A «Battlefield» ba ya cika wuri da kiɗa. Yana kallon bakin ɗan wasa da ƙafarsa. Wani lokaci ɗan yatsa guda yake sa wa a fatar gangar, kamar bugun zuciya, a ƙarƙashin magana. Wani lokaci ya tsaya cak, kuma tsayawar ce ke sa a ji nauyin kalmar da aka furta. A ƙarshen wasan, inda ake sa ran a faɗi asirin da labarin ke nema, ba a faɗe shi da baki ba: gangar aka bar wa maganar. Ya buga ta shi kaɗai, yana rage ƙarfi kaɗan kaɗan har ya kai inda ba a san ko yana bugawa ko ya daina ba. Masu sharhi da dama sun rubuta yadda jama'a kan daɗe zaune shiru kafin wani ya yi ƙarfin halin tafawa. Wannan shiru na kowa ne, kuma shi ne abin da «The Encounter» ba ya iya bayarwa.

Ba a rasa abin cewa a nan ma. Bajapane yana buga gangar ƙasar Mande domin labarin Indiya, a ƙarƙashin jagorancin Bature ɗan Ingila mazaunin Faris. Tun shekarun 1980 mai sharhi ɗan Indiya Rustom Bharucha ya zargi Brook da tsinko labarin daga tushensa ya wanke shi daga ma'anonin da masu shi suka san shi da su. Za a iya yi wa jemben irin wannan tambaya. Bahaushen da ya tashi yana jin kalangu yana kiran sunan mutum, yana faɗin takensa, zai saurara ya ce: me gangar ke faɗi? Amsar ita ce ba ta faɗin kalma ko ɗaya. An raba ta da harshenta da rawarta, an bar mata numfashi kawai. Wannan asara ce, kuma bai dace a ɓoye ta ba. Amma abin da ya hana aikin zama kwalliyar banza shi ne sauraro. Tsuchitori bai zo da kiɗan da ya gama a gida ya ɗora wa wasa ba. A ɗakin gwaji aka haifi kiɗan tare da maganar, kuma kowane dare yana sake haihuwa.

Wani yanki na wannan darasi a ƙasar Nijar Brook ya koye shi. Cikin Disamba na 1972 ya tashi da ƴan wasansa daga Aljeriya suka ratsa Sahara, suka bi ta Nijar da Najeriya da Dahome da Mali, suna shimfiɗa darduma a dandalin ƙauyuka suna wasa. Mai kula da kiɗan tawagar wata matashiya ce Ba'amurka, Elizabeth Swados, mai shekara 21. John Heilpern, wanda ya raka su ya kuma rubuta labarin tafiyar a 1977, ya ruwaito haɗuwarsu da Fulani a Agadas. Baƙin suka yi ta rera waƙoƙin da suka zo da su, Fulanin ba su nuna sun damu ba. Sai da suka bar waƙa suka riƙe sauti guda, dogo, irin wanda suke yi a gwajinsu, sa'an nan Fulanin suka amsa da nasu. Tsuchitori ba ya cikin wannan tafiya, amma ƙarshen «Battlefield» jikan wannan haɗuwa ne.

To, mene ne waɗannan wasanni biyu suka yi tarayya a kai, tunda ɗaya na masu hali ne ɗaya kuma kamar na talaka? Lokaci. Fry ya yi shekaru yana gwaji da McBurney kafin a ga wasan. Tsuchitori ya kusa shekara 40 tare da Brook kafin ya iya wannan bugu na ƙarshe. Wanda ya dubi jembe guda ya ce ai wannan hanya mai araha ce, bai ƙirga abin da aka kashe ba. Kuma lokaci shi ne ainihin abin da tsarin jinga ba ya son biya. A al'adar gidajen wasa da yawa, ana yanke wa mai tsara sauti kuɗi dunƙule domin wasa guda. A cikin kuɗin nan zai karanta rubutun, ya fita naɗo sautuka, ya ƙago kiɗa, ya halarci gwaji, ya kwana a zaure a makon ƙarshe yana daidaita lasifiku. Kwamfutar tasa ce, mikoron nasa ne, manhajar da ake jera sautukan a ciki, irin su QLab, sau da yawa shi ya saya. Domin ya rayu dole ya karɓi wasanni da yawa a jere, wani kan wani, saboda haka ba ya samun zama a ɗakin gwaji yadda ya kamata. Daga nan sai a riƙa kiransa a makare, a ce ya sa ƙarar ruwa nan, ya sa kiɗan baƙin ciki can. Aikin ya zama faci, facin kuma ya tabbatar wa masu raina sana'ar abin da suke zato tun farko.

Faransa ta yi ƙoƙarin toshe wannan rami da tsarin da ta keɓe wa ma'aikatan wasanni masu aiki jefi-jefi: wanda ya tara awa 507 na aikin da aka yi wa rajista cikin wata 12 yana da haƙƙin samun tallafi a kwanakin da ba shi da aiki. Darajar tsarin a wurinsu ta kai ga cewa da aka taɓa shi a 2003, yajin aikinsu ya sa an soke bikin Avignon, karo na farko tun kafa shi a 1947. Amma ko a can mai tsara sauti yana tsaka mai wuya, domin dokar ta raba masu aikin na'ura gefe guda, ƴan wasa da makaɗa gefe guda, shi kuwa ƙafarsa ɗaya tana nan ɗaya tana can, kuma awoyin da aka rubuta cikin kwangila kawai ake ƙirgawa. Daren da ya kwana yana sauraron kwaɗi a bakin tafki ba ya cikin lissafi. A Birtaniya, inda kimanin kashi 70 cikin ɗari na ma'aikatan teyatur masu zaman kansu ne, rufe gidajen wasa cikin Maris na 2020 saboda annobar korona ya nuna yadda wannan rayuwa take a kan siraɗi: gine-ginen suna da masu kare su, ƴan jingar kuwa da yawansu suka nemi wata sana'a.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga makaɗin da ke aiki cikin wasan wani. Mai kiɗan ƴan kokowa yana yin daidai abin da Tsuchitori ke yi: idonsa na kan ƙafafun ƴan wasa, ya san lokacin zuga da lokacin sassautawa, kuma in ya yi take, ɗan kokowa kan ji tsikar jikinsa ta tashi. Haka mai gangar noma a gayya, haka mai kalangun mahauta. Waɗannan makaɗa suna da gurbi sananne da hanyar samu sananniya, ko ta ubangida ko ta kyautar da ake yi musu a fili. Teyatur na zamani kuwa, wanda ya taso daga makarantu da rediyo, ya kuma bunƙasa a zamanin Samariya da bikin matasa na ƙasa lokacin mulkin Seyni Kountché, ƙarfinsa yana ga bakin ɗan wasa. Janet Beik, a nazarin da ta wallafa a 1987 kan teyatur na Hausa a Nijar, ta nuna yadda ƙungiyoyi ke gina wasa tare, ba tare da rubutaccen zance ba, kowa yana ƙago maganarsa bisa ƙashin labarin da aka amince da shi. Gwanaye irin su Yazi Dogo sun nuna iyakar inda wannan hanya ke iya kaiwa. Wasan da ake ƙagowa a take shi ne ya fi kowane buƙatar makaɗi mai saurare, amma abin mamaki, an fi barin kiɗa a bakin ƙofa: a buɗe da shi, a cike gurbi da shi lokacin da ake sauya kujeru, a rufe da shi.

Yau kuma wani baƙo ya shigo tsakani, shi ne mai sono. Duk ƙungiyar da ta taɓa rubuta kasafin wasan faɗakarwa ta san layukan: hayar rumfa, hayar kujeru, hayar sono, man injin wuta, abin motar ƴan wasa. A wannan lissafi sauti yana nufin ƙarfi, watau a ji har bayan kasuwa. Sakamakon sananne ne ga duk mai halartar irin waɗannan wasanni: mikoro biyu suna yawo daga hannu zuwa hannu, uwa tana kukan ɗanta da hannu ɗaya a kai ɗaya riƙe da mikoro, lasifika tana kuwwa, injin wuta yana gunji a bayan fage, sannan a saki wata waƙar da aka kwaso daga salula wadda ba a nemi izinin mai ita ba. Mai sono ba shi da laifi, kaya aka ce ya kawo kuma ya kawo. Abin da babu shi ne mutumin da aikinsa shi ne ya tambaya: me ya kamata a ji a wannan fitowa, daga wane gefe, kuma yaushe ya kamata a yi tsit?

Irin wannan mutum ba sai an yi odarsa daga waje ba. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai, wadda aka buɗe a 1989, ta horar da makaɗa, gidajen rediyo masu zaman kansu da na karkara sun horar da matasa masu kunne, kuma a kowane gari akwai mai gurmi ko mai goge ko mai sarewa da ya iya bin magana. Abin da zai mai da ɗayansu mai tsara sauti shi ne a zaunar da shi a gwaji tun ranar farko, ya ji labarin yana tsirowa, a ba shi damar cewa wannan magana ta yi yawa, ganga za ta iya faɗin rabinta. In ya ƙago kiɗa domin wasan, sunansa ya hau takardar sanarwa tare da na marubuci, aikin kuma a yi masa rajista a ofishin kare haƙƙin mawallafa, domin ranar da rediyo ko talabijin suka ɗauki wasan. Makarantu sun fi kowa sauƙin farawa, tunda aji ba ya buƙatar lasifika: ƙwarya cikin ruwa, da tsintsiya bisa tabarma, da ɗalibi guda da aka ce aikinsa a wannan wasa shi ne saurare.

Wahalar tana wurin kuɗi, kuma ba ƙarama ba ce. Ƙungiyar da ta yarda ta biya makaɗi kwanakin gwaji goma sai ta rage wani abu, alhali kasafin dama bai isa ba, masu ba da tallafi kuma sun fi gane rasit na hayar kaya da na kwanakin saurare. Mai sono ana biyansa kafin a fara, domin in ba a biya ba zai kwashe lasifikunsa ya ɗora a amalanke, taro ya watse. Makaɗin da ya yi mako biyu yana zuwa gwaji da ƙafa ba shi da abin kwashewa, tunda abin da ya kawo ya riga ya shiga cikin wasan. Shi ake ce wa ya yi haƙuri sai kuɗin kashi na biyu sun fito.